Abin da ke dawo da mutanenmu daga Legas

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa 'yan uwanmu ke barin Legas su dawo Zariya. Na yi shekara goma a Agege kafin na dawo Tudun Wada. Kuɗin haya ne kan gaba: na shekara guda ake biya a dunƙule, ga na dillali da na lauya a kai. A 2022 kuma gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa, yaranmu da yawa abincinsu ya yanke. Zafin can mai laima ne, gumi ba ya bushewa ko da dare, damina kuwa ruwa har ɗaki. Ni dai Inna ce ta tsufa, wallahi ban so rasuwarta ta same ni ta waya.