Kan sarkin da aka yanko da almakashi

Assalamu alaikum, ɗana. Ina gajiya, ya karatu? Saƙonka ya iso, har da hotunan. Ka ce a akwatin marigayi kakanka ka tarar da ambulan da aka aiko masa daga Ingila, kan sarkin da ke jikinta babu haƙora a gefe, da alama daga wata takarda aka yanko shi aka liƙa. Kana tambaya ko wanda ya aiko ya ha'inci gidan waya ne, ko kuwa haka ake yi a da.

Bai ha'inci kowa ba. Na san wannan ambulan, na sha riƙe ta ina yaro. Ka shafa yatsa a kan hoton, za ka ji kan Sarki Joji na shida ya ɗan taso, domin danna shi aka yi a jikin takarda tun asali. A wancan zamani gidan waya kan sayar da ambulan da kati da takardar naɗe jarida waɗanda aka riga aka buga musu kan sarki, kuɗin aikawa na cikin farashinsu. To idan mutum ya ɓata adireshi, ko tawada ta zube, ko ambulan ta yage, kuɗinsa ya tafi ke nan? Shi ya sa mutane ke sa almakashi su ceto wurin hoton, su manna a wata ambulan.

Hukuncin abin ya sha canzawa a Ingila. Kan sarki na farko ya fara aiki ranar 6 ga Mayu 1840, zamanin Sarauniya Biktoriya, ambulan mai hoton dannawa kuma ta biyo baya a 1841. Shekaru da dama ana karɓar yankakke, sai dokar gidan waya ta 1870 ta hana, daga 1 ga Oktoba, ranar da aka fito da katin ɗari, wato rabin kobo na da. Ni dai na ga hujjarsu. Ma'aikaci na buga tambari a kan dubban wasiƙu a yini, dole wani lokaci ya kauce wa hoton, mai son zuciya kuwa sai ya yanke shi ya sake aika wasiƙa da abin da ya riga ya yi aikinsa. Haka aka zauna fiye da shekara talatin, sannan daga 1 ga Janairu 1905 aka sake halattawa, muddin ba a taɓa amfani da shi ba. Joji na shida ya hau mulki a 1936, ya rasu a 1952, ka ga wasiƙar kakanka ta faɗo a lokacin da doka ta yarda. Duba ma fuskarta da kyau: babu harafin T, alamar da ake bugawa idan kuɗi bai cika ba, a caji mai karɓa ninkin abin da ya rage. Da an ƙi hoton, da kakanka ne ya biya tara.

Kada ka ɗauka ko'ina haka ne. A Amurka har gobe ba a yarda a yanko hoto daga ambulan ko kati a aika wasiƙa da shi ba. Kowace ƙasa da tsarinta. Kuma ko a Ingilar, halaccin yanka bai raya abin da ya mutu ba: bayan sun sauya kuɗi a Fabrairun 1971, masu ƙimar sule da kobo sun daina aiki a 1972.

Wannan ya kawo ni ga ɗayar tambayarka, ta shuɗayen takardun wasiƙar jirgin saman nan na sisi da ba a rubuta ba, ko za ka iya yanka su ka yi amfani da su. Ɗana, sisi kobo biyar ne tun da naira ta shigo a Janairun 1973, ba inda zai kai maka wasiƙa. Amma ko da zai kai, ina roƙonka ka ajiye almakashi. Masu tara kan sarki ma cikakkiyar takarda suke nema, yankakkiya darajarta faɗuwa take yi. Mu kuwa abin da ke jikin ambulan ɗin ya fi hoton: sunan Baba da rubutun wani da bai taɓa ganinsa ba, da tambarin ranar da ta baro can, da lanƙwasar da ta yi a aljihun rigarsa. Da irin shuɗayen nan yake zaunar da ni in rubuta wa ƙaninsa, yana faɗa ina rubutawa, yana gargaɗina in ƙanƙanta rubutu don ba a sa komai a ciki, ba a ƙara shafi.

Ka raba su da roba da ƙarfen maƙala takarda, tsatsa na cinye su. Ka sa su tsakanin fararen takardu, nesa da damshin damina da gara. In za ka zo hutun salla ka taho da akwatin gaba ɗaya, gwaggonka Hajiya na son ta gani. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka