Gasasshen Dankalin Turawa Mai Ƙaras-ƙaras

Tambaya: Ina gasa dankalin turawa a obin, amma kullum sai ya fito da danshi, bayansa ba ya yin ƙaras-ƙaras. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, ruwan da ke jikin dankalin ne matsalar. Ki zaɓi mai gari, ki feraye, ki yanka manya-manya, sannan ki tafasa shi da gishiri na minti 8 zuwa 10, har gefensa ya fara laushi amma cikinsa bai nuna ba. Ki tsane ruwan, ki bar tururin ya fice, sannan ki rufe tukunyar ki girgiza har jikinsa ya yi burɗi-burɗi, domin wannan garin da ya taso shi ne yake shan mai ya zama ɓawo. A ganina nan ne sirrin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa.

Ki zafafa mai a farantin gashi tukuna, ta yadda za ki ji ƙarar suya da kin zuba dankalin. Kada ki cunkusa shi, don tururi zai dafa shi maimakon ya gasu. Ki gasa a zafin digiri 200 na ma'aunin Selshiyos kamar minti 50, kina juyawa sau biyu.