Tambayoyinku kan fasaha: Intanet ɗin gida na jan ƙafa, antibairos ne ko wani abu dabam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom ta intanet. Wata biyu ke nan da yaron da ke mini gyara ya saka wa kwamfutar shagon antibairos, wato manhajar da ke tare ƙwayoyin cutar kwamfuta. Tun daga lokacin, shafi sai ya yi ta juyawa kafin ya buɗe, kwastomomi na tsaye a kaina. Shi ne ke shanye saurin? In cire shi? — Wani mai shago, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka cire tukuna, akwai gwajin minti biyar da zai raba gardama. Ɗauki wayarka, kashe datar layinta, haɗa ta da Wi-Fi ɗin da kwamfutar ke kai, ka ajiye ta dab da kwamfutar. Buɗe fast.com ko speedtest.net ka rubuta lambar da ta fito. Idan ta gama, sai ka yi haka a kwamfutar. Kada ka gwada su lokaci guda, don za su raba saurin a tsakaninsu. Kowacce sau uku. In waya ta ba da megabit 15 a daƙiƙa, kwamfuta ta ba da 14, to iyakar abin da ke shigowa shagon ke nan, antibairos bai tare komai ba. In kuwa waya na ba da 15, kwamfuta na fama da 3, ɓarawon yana cikin kwamfutar.

Gaskiya ne antibairos na iya rage sauri, sai dai ba yadda mutane ke zato ba. Yawancinsu suna da wani sashe mai gadin burauza, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita. Shi wannan yana zama ne tsakanin burauzarka da intanet, duk shafin da zai shigo sai ya bi ta hannunsa. Shafukan da adireshinsu ya fara da https a kulle suke zuwa, don haka sai ya buɗe, ya duba, ya sake kullewa, sannan ya miƙa maka. A kwamfuta mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 8 da ma'ajiyar SSD, wannan aiki bai kai ƙiftawar ido ba, musamman a irin saurin da layukan 4G ke bayarwa. Amma a tsohuwar laftof 'yar gwanjo mai RAM gigabait 4 da faifan ajiya mai juyawa, kowane shafi sai ya ɗan jira. Haka nan idan kana sauke fayil ka ga ya kai ƙarshe ya tsaya cak na ɗan lokaci, binciken fayil ɗin ake yi kafin a sake maka shi. Kuma duk lokacin da ya shiga binciken kwamfuta gaba ɗaya, faifan zai cika da aiki, komai ya yi nauyi har da burauza. A nan intanet ɗin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ta gaji. Shi ya sa wani lokaci gwajin sauri kan nuna lamba mai kyau amma shafi na tafiyar hawainiya.

Don ka gani da idonka, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Duba layukan CPU da Memory da Disk da Network. In Disk, wato faifan ajiya, ya maƙale a kashi 100, danna kan sunan layin, manhajar da ta fi cin aiki za ta hau sama. In antibairos ɗin ne, shiga saitinsa ka mayar da babban binciken zuwa lokacin da ba kwastoma, kamar lokacin cin abincin rana. In kuma a layin Network ka ga wani abu na jan data, sau da yawa Windows ne ke sabunta kansa. Shiga Settings, ka buɗe bayanan Wi-Fi ɗin shagon, ka kunna Metered connection. Wannan zai sa ya rage saukar da manyan sabuntawa a ɓoye. Sai dai ka riƙa ware lokaci ko da sau ɗaya a wata ka bar shi ya sabunta.

Abubuwa biyu ne muka fi zargi a shago irin naka. Na farko, antibairos biyu a kwamfuta ɗaya. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, Microsoft Defender, kuma shi yakan ja gefe da kansa idan an saka wani. Amma masu gyara kan ɗora wani a kan wanda ya zo da kwamfutar daga kasuwa, sai su biyun su riƙa binciken fayil ɗaya, har kowane ya riƙa binciken ɗan'uwansa. Ka duba jerin manhajojin da ke kwamfutar, ka bar guda ɗaya. Na biyu shi ne VPN, manhajar ɓoye zirga-zirgarka a intanet, da ake cusawa cikin wasu antibairos a matsayin ƙari. Idan yana kunne, duk abin da ka buɗe sai ya zagaya ta wata ƙasa, wataƙila Jamus ko Amurka, kafin ya dawo. Shafin da ke nan cikin gida ma sai ya yi wannan doguwar tafiya. Kashe shi, ba ka bukatarsa don cike fom.

In duk ka yi wannan ba sauyi, dakatar da sashen gadin burauzar na minti goma, ka maimaita gwajin saurin kawai, kada ka buɗe komai ban da shi, sannan ka mayar da shi. Idan lambar ta yi tsalle daga 3 zuwa 14, an kama mai laifi. Cire antibairos ɗin ta hanyar Uninstall, ka sake kunna kwamfutar, Defender zai dawo bakin aiki. A ganinmu ya wadatar da yawancin shaguna. Abin da ba za mu ba ka shawara ba shi ne zama babu kariya sam, a wurin da kowa ke zuwa da filashinsa yana cusawa. Kuma ka tambayi yaron daga ina ya samo wanda ya saka. In irin wanda aka fasa ne don kada a biya kuɗi, to kura aka ba ajiyar nama, don irin waɗannan sau da yawa su ne ke shigo da cutar. Cutar kanta kuwa tana cin data, tana aika bayanai waje dare da rana.

Tambaya: Muna da rawuta mai SIM a falo. A falon bidiyo na tafiya, amma a ɗakina da ke can baya ko hoton WhatsApp ba ya sauka. Da daddare kuma ko a falon sai ya tsaya. Maigida ya ce a sayi wata babba. — Wata uwargida, Katsina

Amsa: Hajiya, a dakata da sayen sabuwa, domin matsalolin biyu ne, kowacce da maganinta. Intanet ɗin gidanki zango biyu yake yi: daga ƙarfen sabis zuwa rawuta, sannan daga rawuta zuwa wayarki. Sandunan Wi-Fi da kike gani a saman waya zango na biyu kawai suke nunawa. Suna iya cika fal alhali rawutar ba ta samun abin kirki daga waje.

Matsalar ɗakin baya ta zango na biyu ce. Bangon siminti mai rodi a ciki, ƙofar ƙarfe, firji, babban madubi, duk suna datse Wi-Fi. A fitar da rawutar daga bayan talabijin ko cikin kabad, a ɗora ta a sama, kamar tsayin kan mutum, a fili. In tana fitar da suna biyu, ɗaya na 2.4 GHz ɗaya na 5 GHz, to na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango, na falo ne. Na 2.4 ya fi nisa, shi za ki haɗa a ɗaki. Idan bango uku ne ko fiye a tsakani, mafita mai ɗorewa ita ce a ja kebul na Cat5e ko Cat6 zuwa sashenki a haɗa da ƙaramar rawuta ta biyu. Wannan kebul na ɗaukar har mita 100 ba tare da sauri ya ragu ba. 'Yar na'urar nan da ake soka wa a soket don ta ƙara wa Wi-Fi nisa tana aiki, amma mai arha takan raba saurin gida biyu, saboda da rediyo ɗaya take karɓa take kuma aikawa. Kuma in an saye ta, a rabin hanya ake sa ta, ba a cikin ɗakin da sabis ya riga ya mutu ba.

Zango na farko kuma ana auna shi. A ƙasan rawutar akwai takarda mai adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A rubuta shi a burauza, a shiga, a nemi lambar RSRP, mai nuna ƙarfin sabis ɗin da rawutar ke kamawa. Tana zuwa da alamar ragi, kuma in aka ajiye alamar gefe, ƙaramar lamba ta fi: -80 mai kyau ce, -100 lallaɓawa ce, daga -110 abin ya yi rauni. A zagaya da rawutar taga-taga ana duba lambar, ana jira kamar minti ɗaya a kowane wuri. Rufin kwano yana tare sabis, shi ya sa bakin tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis kan fi tsakiyar falo. Sai dai kada rana ta riƙa dukanta. Yawancin rawutocin gida an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kin kuwa san Katsina a watan Afrilu. In ta yi zafi takan rage gudu ko ta riƙa kashe kanta. Haka cajarta: idan ta asali ta ƙone, a sayi mai lambobi daidai da na jikin rawutar, galibi bolt 12, kada ƙarfinta ya gaza wanda aka rubuta.

Tsayawar dare kuwa cunkoso ne. Bayan Isha duk unguwa ta hau waya, kowa daga ƙarfe ɗaya yake sha. A gwada sauri da asuba, a sake gwadawa ƙarfe tara na dare. In bambancin ya yi yawa, babbar rawuta ba za ta magance ba, sai dai a aro SIM ɗin wani kamfani a gwada, in rawutar ba a kulle take da layi ɗaya ba. Sannan a leƙa jerin wayoyin da ke haɗe. In an ga baƙi, a sauya kalmar sirri. Ko a cikin 'yan gida, waya ɗaya da ke ɗora bidiyon biki zuwa Google Photos ta isa ta shaƙe kowa, don hanyar ɗorawa ta fi ta saukewa ƙunci, in ta cika har buɗe shafi sai ya tsaya.

Tambaya: An ce mini 20 Mbps na biya, amma idan ina sauke abu 2.3 nake gani. Cuta ce? — Wani ɗalibi, Maiduguri

Amsa: Ba a cuce ka ba, mudun ne ya bambanta. Kamfani da megabit yake awo, burauza da megabait, kuma bit 8 ne bait ɗaya. Raba 20 gida 8, ka samu 2.5. Abin da ya kamata ka karanta shi ne sharaɗin tsarin da ake cewa ba shi da iyaka, don yawanci akwai adadin gigabait da in ka wuce za a rage maka gudu. In kuwa abin da ake ba ka ya saɓa wa sharaɗin, fara kai kuka ga kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su yi komai ba, hukumar sadarwa ta NCC na karɓar ƙorafi a lambar 622 kyauta.

Tambaya: Manhajojin da ke cewa suna ninka saurin intanet a waya fa? Da sauya DNS? — Wani mai karatu, Maraɗi

Amsa: Manhajojin ka goge su. Ba su da iko a kan ƙarfen sabis, talla kawai suke loda maka da datarka. DNS kuwa kamar littafin lambobin waya ne, shi ke nemo adireshin shafi. Mayar da shi 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 na iya sa shafi ya fara buɗewa da ɗan wuri idan na kamfaninka na jinkiri, amma bidiyon da ke sauka a megabit 5 a nan zai ci gaba da sauka.