Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa da mota ta buge a kan babur

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ina yi muku jaje, Allah Ya ba ƙaninka lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka ce motar wani kamfani ta buge shi a mahaɗar titi yana kan ƙaramin baburinsa roba-roba, ya samu karaya a ƙafa, yanzu kuma mutanen direban sun kawo kuɗi suna neman ku sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Ka kuma nuna fargabar cewa tunda yaron ba shi da lasisi, bai kuma sa hular kwano ba, ba shi da bakin neman haƙƙi. Ni ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne a nan Kano, amma irin wannan ta taɓa faɗa mini, daga baya kuma na yi wa maƙwabta biyu rakiya a tasu shari'ar, don haka abin da zan faɗa maka na gani ne da idona.

Kada ku sa hannu a wannan takarda yanzu. Idan sun kawo kuɗin magani ku karɓa, ku rubuta musu shaidar cewa kun karɓi kaza a matsayin kuɗin jinya, amma kada a saka kalmar da ke nuna an yafe ko an rufe magana. Lokacin da wata mota ta fito daga lungu ta kwashe ni, kwana uku kacal da kwanciyata a asibiti direban ya zo da kawunsa da wasu dattawa, aka yi addu'a, aka ce ƙaddara ce wadda ba ta wuce ranarta, suka biya kuɗin aikin farko, ni kuma kunya ta hana ni yin musu, na sa hannu ina kwance. Bayan wata biyu hoto ya nuna ƙashin bai haɗe ba, aka sake yin aiki, na shafe kusan shekara ban buɗe shagona ba. Da na je wurin lauya, ya karanta takardar ya girgiza kai, ya ce da hannuna na ɗaure kaina, warware wannan ƙulli kuwa zai ci kuɗi da lokaci fiye da abin da zan samu. Da-na-sani ƙeya ce.

Ba ina hana ku yafiya ba ne, domin yafiya alheri ce kuma mai haƙƙi ne ke da ikon yin ta. Sai dai ya kamata mutum ya san girman abin da yake yafewa. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun ce ba a ƙiyasta diyyar raunin kuskure sai mai raunin ya warke, a ga ko ya koma yadda yake ko ya samu naƙasa. Saboda haka idan wani dattijo ya nuna muku cewa jinkirta sulhu rashin tawakkali ne, ku gaya masa cikin ladabi cewa kuna jiran bayanin likita, addini bai hana hakan ba.

Batun lasisi da hular kwano, wanda shi ne ya fi damun ka, abu biyu ne ake cakuɗawa. Hawa babur ba lasisi laifi ne, dokar hanya ta wajabta wa mai babur lasisi rukunin A, kuma sai ya kai shekara 18, haka nan hular kwano wajibi ce a kan mai tuƙi da wanda ya goya. Za a iya cin sa tara a kan waɗannan. To amma laifin da ya yi wa hukuma daban, tambayar wane ne ya jawo haɗarin daban. Alƙali yana duba wanda sakacinsa ya haddasa karon ne. Idan direban ne ya ƙi tsayawa a danja, ko ya shigo babban titi bai duba ba, rashin lasisin ƙaninka bai wanke shi ba. Abin da kotu ke yi idan ta ga shi ma mai baburin yana da nasa kason sakacin shi ne ta rage masa diyya gwargwadon laifinsa. Hular kwano kuwa kai take karewa. Da a ka ya ji rauni, da lauyan kamfanin ya samu abin kamawa, amma karayar ƙafa ba ruwanta da hula. A nan dole in faɗi gaskiya a kanmu: tun da aka fara tilasta sa hular a farkon 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu, har yau ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba, alhali yawancin waɗanda na sani da babur ya yi ajalinsu a ka suka bugu.

Ka zauna da ƙaninka ya faɗa maka gaskiyar yadda abin ya faru, tun kafin lauyan wancan ɓangaren ya tono ta. Shin aron hannu ya yi? Shin ta dama ya nemi wuce motar, ya kutsa tsakaninta da gefen titi, alhali a Najeriya tun 1972 da muka koma tuƙi a hannun dama ta hagu ake wuce mota? Idan a shatale-tale ne, wanda ya riga ya shiga, yake tahowa daga hagunka, shi ke da hanya. Ya kunna sigina kafin ya karya kwana? Idan da dare ne, fitilarsa tana aiki? Mutum nawa ya goya, tunda doka mutum ɗaya ta yarda a goya? Gudun cikin gari kuma bai kamata ya wuce kilomita 50 a awa ba. Waɗannan su ne tambayoyin da za a yi masa, kuma amsarsu ce za ta nuna ƙarfin maganarku.

Daga nan sai takardu, kuma a nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Ku tabbatar an kai rahoto ofishin 'yan sandan yankin, sashen haɗuran mota da aka fi sani da MTD, an zana taswirar wurin, jami'an VIO masu duba lafiyar ababen hawa sun duba motar da baburin, sannan ku nemi kwafin rahoton. Kada ku yi gaggawar gyara baburin kafin a duba shi a ɗauki hotonsa. Ku koma wurin da abin ya faru tun mutane ba su manta ba, ku samu mai shayi ko mai faci ko mai shagon da ya gani, ku karɓi lambar wayarsa. Kowane rasit na magani, na hoto, na jini, har na motar da ke kai shi asibiti, ku adana shi a jaka ɗaya, domin kotu ba ta cika yarda da kuɗin da aka kashe ba sai da shaidar takarda, amma raɗaɗin ciwo da naƙasa alƙali ne ke ƙiyasta su bisa rahoton likita. Wannan ne ma ya sa nake ba ku shawara kada ku ɗauke shi daga asibiti ku kai shi wurin mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, amma mai ɗori ba ya ba da rahoton da kotu ko kamfanin inshora za su karɓa, kuma idan ƙafar ta samu matsala za a ce ku kuka jawo. Ga Asibitin Ƙashi na Dala idan kuna kusa da Kano. Ku kuma sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Tunda motar kamfani ce, ba direban kaɗai za ku bi ba. Idan yana bakin aikin kamfanin ne lokacin da abin ya faru, kamfanin ma yana ɗaukar alhakin ɓarnar ma'aikacinsa, kuma wannan yana da muhimmanci domin direba sau da yawa talaka ne kamar mu. Bayan kamfanin kuma akwai inshora. Doka ta wajabta wa duk abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, naira 3,000 ga babur, kuma ta motar gida tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, baya ga abin da take biya na jinya da rasa rai. Ku karɓi lambar motar ku bincika ko inshorarta ta gaske ce, domin takardun bogi sun yi yawa, sannan a rubuta wa kamfanin inshorar wasiƙa a sanar da shi tun da wuri. Ko da ƙaninka yana da irin wannan inshorar a baburinsa, ba shi za ta biya ba, wanda ya buge take biya.

Kada ku ɗauka cewa idan 'yan sanda sun gurfanar da direban a kotun majistare shi ke nan haƙƙinku ya fito. Waccan shari'ar tsakaninsa da hukuma ce kan tuƙin ganganci, ko da yake alƙali na iya umartar a biya wanda aka ji wa rauni wani abu. Neman cikakkiyar diyya ƙara ce daban da ku za ku shigar, kuma tana da wa'adi wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Da motar hukuma ce, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar, wa'adin da kan ƙare mutum yana kwance yana jinya.

Idan kuɗin lauya ne matsala, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar haɗari ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Ɗaya daga cikin maƙwabtan da na raka ta nan ya bi. Akwai kuma lauyoyin da ke karɓar irin wannan shari'a bisa sharaɗin za su ɗauki wani kaso idan an biya. Idan kun zaɓi haka, a rubuta kason a takarda tun ranar farko. A ganina sulhu ya fi muku sauƙi a kan doguwar shari'a, musamman da kamfani, domin shari'a kan ɗauki shekaru, yaron kuma yanzu yake buƙatar magani. Amma a yi sulhun bayan likita ya faɗi matsayin ƙafar, lauyanku yana zaune, a lissafa abin da aka kashe da wanda za a kashe nan gaba, kamar cire ƙarfe da gashin ƙashi, da watannin da ya yi ba ya sana'a, da gyaran baburin. A Kano akwai zauren sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha, inda yarjejeniyar da aka cimma kan samu sa hannun alƙali ta zama kamar hukunci.

Idan mutanen direban sun dawo gobe, ku karɓe su da mutunci, ku nemi kwafin takardar da suke so ku sa wa hannu da kwafin inshorar motar, ku ce za ku ba su amsa bayan kun ga likita da lauya. Ka sanar da mu jihar da kuke da kuma ko 'yan sanda sun riga sun saki motar, domin matakin da za ku ɗauka a wannan makon ya danganta da hakan.