Bambancin "hint", "hunch" da "inkling"

Malam, ka tambaya ko waɗannan kalmomin Ingilishi uku duk abu ɗaya suke nufi. A'a, kowacce da muhallinta.

"Hint" wani ne yake yi maka, wato hannunka mai sanda. Ka je hira, mai gida ya fara duban agogo yana hamma, to ya ba ka "hint" ke nan cewa dare ya yi. "Hunch" kuwa daga zuciyarka take tasowa ba tare da hujja ba, irin abin da muke cewa jikina ya ba ni.

Wadda na fi so ka riƙe da kyau ita ce "inkling". Ɗan sani ne kaɗan da bai kai tabbas ba, kamar ka ji ƙishin-ƙishin ɗin magana. An fi jin ta wajen korewa: "I had no inkling", ma'ana sam ba ni da masaniya. Yawanci "of" ko "that" ke biyo bayanta. Ba ta da alaƙa da "ink" na tawada, asalinta wata tsohuwar kalma ce mai nufin faɗin abu ƙasa-ƙasa. Idan takardar ofis kake rubutawa, ta fi "hunch" dacewa, don "hunch" ta fi kama da bakin hira.