Za mu je Benis ni da madam, ya zan shirya wayata?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ni da madam za mu leƙa Benis ta ƙasar Italiya na kwana uku, shi ne nake tambaya ya zan yi da maganar data da taswira, don an ce mutum ɓata yake yi a garin.

Amsa: Masha Allah, Allah ya kai ku lafiya. Gaskiya aka faɗa maka yallaɓai, garin babu mota ko ɗaya a cikinsa, mota iyakarta Piazzale Roma, wato filin da ke bakin shiga garin, daga nan sai ƙafa ko jirgin ruwan haya da suke cewa vaporetto, ga gadoji sama da 400, ga lunguna matsattsu kamar na cikin birnin Kano, kuma dogayen gine-ginen suna tare siginal ɗin GPS, sai ka ga shuɗin ɗigon nan na Google Maps ya tsallaka da kai wancan gefen ruwa alhali kana tsaye. Don haka ka sauke taswirar garin tun kana gida yadda za ta buɗe ba data, amma kar ka sakar mata ragama. Ɗaga kai ka duba bango, akwai alluna ruwan ɗorawa da aka rubuta Per Rialto ko Per San Marco (wato hanyar zuwa gadar Rialto ko dandalin San Marco) da kibiya, sun fi wayar gaskiya a lungu.

Maganar data, danna *#06#, in ka ga lambar EID to wayarka na ɗaukar eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da sa kati ba, ka saya tun kafin tafiya. In babu, sayi layin TIM ko Vodafone a can da fasfo ɗinka, ka kunna wa madam hotspot. Layin gida kuwa bar shi a ciki saboda saƙon banki, ka kashe masa data kawai, WhatsApp ɗinka ba abin da zai same shi.

Kan cajarmu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu, nemi adafta mai siraran ƙafafu biyu. Fawa bank a jakar hannu ake shiga jirgin sama da shi.

Sannan don Allah in za ku ɗau hoto a kwale-kwale ku sa wa waya igiyar hannu. Ruwan can na gishiri ne, IP68 ɗin da kamfani ke talla, wato shaidar cewa waya na jure ruwa, da ruwan daɗi aka gwada shi, gishiri na cin ramin caji.