Zafin salansa na damuna, in naɗe ta da ƙyalle?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata in na yi doguwar tafiya sai zafi ya riƙa tasowa ta ƙarƙashin ƙafata, wani ya ce in sayo ƙyallen nan da ake naɗe salansa da shi. Yana aiki kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yana aiki, amma ni da motata ce ba da shi zan fara ba. Ka sa makanike ya shiga ƙarƙashi ya duba ko farantin alminiyam ɗin nan da kamfani ke sawa tsakanin salansa da gindin mota yana nan, don sau da yawa in ya fara ƙara sai a ɓalle shi a yar wai ba shi da amfani, alhali shi da 'yar iskar da ke tsakaninsa da ƙarfen su ne ke tare zafin. A duba gaskit ɗin manifol ma (inda bututun hayaƙi ke haɗuwa da inji) ko yana hura hayaƙi, da katalis (matatar hayaƙin da ke jikin bututun salansa) ko ya toshe.

Shi ƙyallen, na zaren gilas ne ko na dutsen basalt, aikinsa ya tsare zafin a cikin bututu. Hayaƙin injin fetur in an take shi sosai yana kai digiri 800 na ma'aunin Celsius a bakin manifol, to ka ga in an tsare wannan zafin ɗakin inji zai sha iska, wayoyi da robobi su huta. Matsalar ita ce zafin da ka hana fita ƙarfen ne ke shanye shi, ya kumbura ya motse kullum har walda ta tsage, ga kuma laima da ƙyallen ke riƙewa in an bi ruwa ko an je wanki, tsatsa na ci ta ciki kai ba ka gani sai ranar da bututu ya huje. Masu motar tsere ba ruwansu, su kam dama kullum cikin kwance inji suke.

In kuma ka nace, to kar a naɗe katalis sam, kar a rufe sensar oksijin (na'urar da ke auna oksijin a cikin hayaƙi), kuma a fara gyara duk inda baƙin mai ke ɗiga don in ƙyallen ya sha mai yana iya kamawa da wuta. A ɗan jiƙa shi kafin a naɗa ya fi kamawa, kowane zagaye ya hau na baya kamar milimita 6, a ɗaure da ɗaurin ƙarfe mara tsatsa. Sa safar hannu fa, ƙaiƙayin zaren nan ba daɗi! Tashin farko zai yi hayaƙi da wari, kar ka tsorata, yana dainawa.

Akwai kuma fentin seramik da ake fesawa bututun, ya fi tsada amma ba ya riƙe ruwa.